Ranar da kwamfuta ta canza harshe

 Yau za mu taɓo wata matsala da ke ruɗa masu sayen kwamfuta. Ga inji lafiya lau, fuskarsa tana haske, amma ka sa masa manhajar da ka saba aiki da ita, ya ce bai san zance ba. Sau da yawa ba lalacewa ya yi ba, harshe ne ya bambanta.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙaramin abu da ake kira furosesa, shi ne ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da duk umarnin da aka bayar. Kowane furosesa yana da jerin umarnan da yake ganewa, kamar yadda kowane mutum yake da harshensa. Manyan gidaje biyu ne suka fi yawa a yau. Akwai gidan x86, wanda kamfanonin Intel da AMD ke ƙerawa, shi ne a cikin yawancin kwamfutocin makarantunmu. Akwai kuma gidan Arm, wanda ke cikin kusan duk wayoyin da muke riƙewa, saboda ba ya shan batir da yawa. Manhaja kamar Word ko Excel, kafin ta iso hannunmu, an riga an juya ta zuwa harshen gida ɗaya. Ka kai ta ɗaya gidan, sai ta zama baƙuwar da ba ta jin gari.

Kamfanin Apple na Amurka ya sha wannan ƙaura. A 2006 ya bar furosesan PowerPC ya koma na Intel. Domin kada tsofaffin manhajoji su mutu, ya saka wani tafinta mai suna Rosetta, wanda ke fassara umarnan tsohon harshe zuwa sabo. Sunan ya samo asali ne daga wani dutse da aka gano a Masar a 1799, wanda ya taimaka wa masana suka karanta rubutun mutanen Fir'auna. Da taimakon wannan tafinta Office 2004 ya ci gaba da aiki. Sai a 2008 Microsoft ya fitar da Office mai jin sabon harshen kai tsaye, amma ya zo da giɓi: babu damar amfani da makuro, wato ƙananan shirye-shiryen da ma'aikaci ke rubutawa a cikin Excel don su riƙa maimaita masa aiki da danna maɓalli ɗaya. Akawun da ya dogara da su ya shiga tsaka mai wuya har sai da aka dawo da su a Office 2011. A shekarar 2011 ɗin kuma Apple ya sallami tafintan, Office 2004 ya daina buɗewa a sabon tsarinsa.

Shi ma Microsoft ya ɗanɗana kuɗarsa. A 2012 ya fitar da Surface RT mai furosesan Arm. Fuskarta ta Windows ce, tana ɗauke da Word da Excel nata na musamman, amma ba ta karɓar manhajojin Windows da aka saba da su, domin ba a yi mata tafinta ba. Masu saye suka ja baya, a 2013 kamfanin ya bayyana asarar kimanin dala miliyan 900 a kanta.

An koyi darasi. Da Apple ya sake ƙaura a Nuwamban 2020 zuwa furosesansa na M1, ɗan gidan Arm, ya zo da Rosetta 2, kuma kafin shekarar ta ƙare Microsoft ya fitar da Office da aka gina wa M1. Windows 11 ma yana da nasa tafintan a kwamfutoci masu furosesan Snapdragon. Sai dai tafinta yana da iyaka. Ba ya fassara direba, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urori irin su firinta. Don haka tsohuwar firinta na iya ƙin aiki ko da Word yana tafiya daidai.

Me ya shafe mu? Da yawanmu iyaye na tara kuɗi su saya mana kwamfutar hannu, galibi ta gwanjo, don atisayen jarrabawar JAMB da buga aikin makaranta. Kuɗi ne da aka sha wuya kafin a same su. Saboda haka kafin a biya, mu duba. A Windows, mu shiga Settings, sannan System, sannan About, za mu ga ko an rubuta x64 ko ARM. A kwamfutar Apple, About This Mac zai nuna ko Intel ce ko M1 da ƙannenta. Mu tafi da manhajar da muke bukata a filashi, a saka ta a gabanmu, mu ga ta buɗe. Mai tambaya ba ya ɓata.

Abin kwantar da hankali shi ne, takardar da muka rubuta daban, manhajar da ta rubuta ta daban. Fayil ɗin Word ba ya ɗauke da umarnan furosesa, don haka zai buɗe a kowane gida muddin akwai manhajar da ta san shi, ko da LibreOffice ce ta kyauta. Aiki mai muhimmanci kuwa, mu adana kwafinsa a PDF, mu ajiye a wuri biyu.

Aikin gida na wannan makon: kowa ya duba kwamfutar ɗakin karatun makarantarsu ya gano ko 'yar wane gida ce. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.