Ba Soja Ne Ya Cinye Rabon Malami Ba

A ƙofar gidanmu akwai dakalin da dattawa biyu suke zama bayan la'asar. Ɗaya mahaifina ne, wanda ya ajiye alli bayan shekara 35 yana koyarwa a makarantar gwamnatin tarayya. Ɗayan ƙanensa ne, da ya bar aikin soja da igiyar saje da kuma ɗingishin da ya samo a dajin Borno. Musunsu guda ne kullum: wa ya fi shan wuya, wa kuma hukuma ta fi tunawa da shi? Na daɗe ina sauraronsu, kuma na yi imani cewa wannan musu tarko ne da ke hana su ganin inda gizo yake saƙa.

Gaskiya ne akwai bambanci. A shekarar 2004 aka yi dokar fansho ta karo-karo, inda ake yankar wani kaso na albashin ma'aikaci, gwamnati ta ƙara nata, a tara a asusunsa. Gyaran 2014 ya mayar da kason ma'aikaci 8 cikin ɗari, na gwamnati 10 cikin ɗari. Abin da ya taru shi ne guzurin tsufansa, ko ya isa ko bai isa ba. Sojoji kuwa an cire su daga tsarin tun 2011, aka mayar da su hannun Hukumar Fanshon Soja, inda ake biyan garatuti da fansho daga baitulmali gwargwadon muƙami da shekarun aiki. Wannan ne ke sosa ran mahaifina.

Sai dai duk mai cewa an fifita soja, to ya fara auna abin da sojan ya jinginar. Ma'aikacin ofis yana da ƙungiyar ƙwadago, yana yajin aiki, yana kwana cikin iyalinsa. Soja ba shi da ko ɗaya. Bijire wa umarni a fagen fama kan kai shi kotun soja. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ya rasa ransa a Malam Fatori a Nuwamban 2016, kuma bayan shekara biyu aka yi wa dakarunmu mummunar ɓarna a Metele. Wanda aka ɗauka aiki bisa sharaɗin cewa ransa na iya zama farashin albashinsa ya cancanci tabbataccen fansho. Ban da haufi a kan haka.

To amma kada a ce farar hula bai ba da jini ba. A Fabrairun 2013 an harbe mata tara masu allurar rigakafin shan inna a Kano. Ba su da bindiga, ba su da sulke. Malamai da yawa sun kwanta dama a Borno da Yobe saboda kawai sun riƙe alli. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara ana ajiye furanni domin tunawa da mazan jiya, kuma hakan daidai ne. Wace rana aka ware wa waɗancan mata?

Hujjata mafi ƙarfi ita ce cire sojan da aka yi. Da tsarin karo-karo yana riƙe tsoho da mutuncinsa, da ba a tsame kowa daga cikinsa ba. 'Yan sandan da aka bari a ciki, waɗanda suka yi ritaya, sun sha yin zanga-zangar neman fita. Kuɗin da aka tara lokacin da naira take da daraja, hauhawar farashin da ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024 ta lashe shi kamar wutar daji. Sashe na 173 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a riƙa duba fansho duk bayan shekara biyar, amma sau nawa aka cika wannan alkawari a kan lokaci? Shi ma sojan bai tsira ba: tsofaffin sojoji sun sha tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu.

A can gefe kuwa, jihohi da dama sun yi dokokin da ke bai wa tsohon gwamna gida da motoci da fansho bayan shekara huɗu ko takwas kacal. Zamfara ta soke tata a 2019, abin da ya nuna cewa sokewar ba gagara ta yi ba, niyya ce babu. A nan ainihin ramin yake, tsakanin masu bauta wa ƙasa da masu mulkinta.

Saboda haka ina kira ga Majalisar Tarayya da ta kafa mafi ƙarancin fanshon da zai riƙa tafiya da farashin kasuwa, ga mai kaki da mai alli baki ɗaya, majalisun jihohi kuma su soke fanshon gwamnoni. Mu da muke tsaye a bakin ƙofar aiki muna kallon dakalin nan. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yadda aka yi da iyayenmu shi zai gaya mana ko ƙasar nan ta cancanci ƙuruciyarmu.