Fina-finan Tsintuwa: Me Ya Hana Mai Kyamara Gudu?

A cikin fina-finan ban tsoro akwai reshen da ya dace a kira fim ɗin tsintuwa, wato wanda ake gabatarwa tamkar faifai ne da aka tsinta bayan masu ɗaukarsa sun ɓace ko sun halaka. Hoto na rawa, murya na yankewa, babu kiɗan da ke sanar da mai kallo cewa masifa na tafe.

Dabarar ta girmi yawancin masu kallonta. Tun 1980 Ruggero Deodato ya gwada ta a Cannibal Holocaust, har hukumomin Italiya suka ƙwace fim ɗin suka kai shi kotu. Amma The Blair Witch Project na 1999 ne ya buɗe ƙofa: ɗalibai uku sun shiga dajin jihar Maryland neman labarin wata mayya, kuma har fim ya ƙare ba a nuna fuskarta ba. Tsoron duka a kunne yake da zuciya. Fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 240.

Arahar salon ce ta cuce shi. Da Oren Peli ya ɗauki Paranormal Activity a cikin gidansa da kimanin dala 15,000, ya kuma samo kusan miliyan 200, sai kowa ya saɓi kyamara. Aka cika kasuwa da fina-finan da rawar hoto ta zame musu mayafin rufe talaucin labari.

Ma'aunin da ke raba tsaki da tsakuwa tambaya ɗaya ce: me ya sa mai kyamara bai yar da ita ya ranta a na kare ba? Fim ɗin REC na Sifaniya (2007) ya amsa ta da kyau. Ƴar jarida ce ta bi ƴan kwana-kwana cikin wani bene a Barcelona, hukuma ta garƙame ƙofa, ɗaukar hoto ta zama shaidar da ta rage musu. A ƙarshe ma kyamarar ce kaɗai idonsu cikin duhu. Haka Host na Rob Savage (2020), wanda ya gudana kacokan a taron Zoom lokacin kullen korona, bai kuma kai awa guda ba.

Masu cewa salon ya mutu suna da hujja in aka dubi tarin kwaikwayo. Sai dai abin da ya gundure su shi ne jarumin da aljani ke bi, amma yana ta gyara tsayuwar kyamara.