Kafin ka sayi bindigar iska don shirwa da gafiya, ɗan tsaya mu yi magana

Akwai tambayar da ke yawan fitowa daga sababbin masu kiwo, musamman na wajen Kaya, Maradun, Bakura da Talata Mafara: shirwa ta dame ni da ɗaukar 'yan tsaki, gafiya na cinye dusa, zalɓe na tsince mini 'ya'yan tarwaɗa, wace bindigar iska zan saya, mai lamba .177 ko mai .22? Wasu ma har suna ƙarawa da cewa in ta samu, za a riƙa ɗan harbo hasbiya da zabon daji a gefen gona. Zan amsa tambayar, amma ra'ayina shi ne, a Zamfara ta yau, maganar lamba ita ce ta ƙarshe da ya kamata mai kiwo ya yi.

Mu fara da amsar. Lambar nan faɗin ramin bakin bindigar take nufi. Mai .177 faɗinta milimita 4.5 ne, harsashinta kusan rabin giram, yana fita da gudu kuma yana tafiya a miƙe, shi ya sa aka fi amfani da ita a gasar harbi da kuma kan ƙananan tsuntsaye. Mai .22 faɗinta milimita 5.5, harsashinta ya kusa giram ɗaya, ba shi da gudun na farko, yana saurin sunkuyawa ƙasa in nisa ya yi yawa, amma dukansa ya fi nauyi. Ita ce ta dace da dabba mai ƙarfin jiki irin gafiya ko zomo. Shi kuma harsashi, mai shafaffen kai na huda takarda ne wajen koyo, mai tsini ya fi kyau a ido fiye da a aiki, mai zagayayyen kai shi ne ya fi riƙe saiti. Kuma ko wacce ka ɗauka, in irin wadda ake karyawa a ɗana ce, da zarar an wuce mita 25 zuwa 30 yawanci rauni za ka yi wa dabba, ta tafi ta mutu a wahale.

To, ka ji amsa. Yanzu ga abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba.

Da yawa suna ɗauka tunda ba ta aiki da albarushi, kayan wasa ce. A dokar mallakar makamai ta Najeriya ta 1959, an jera bindigar iska a rukuni ɗaya da bindigar farauta, wato sai da lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Ku tuna a watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi izinin riƙe bindiga don kare kai, rundunar 'yan sandan jiha ta fito ta ce takunkumin ba da lasisi yana nan. Kar ka ga ana tallarta a intanet ka ɗauka an halatta maka. Je ka ofishin 'yan sanda ka tambaya tun kafin ka ba kowa kuɗi.

Ko da kana da takarda, duba inda muke zaune. Bindigar iska ta zamani, mai madubin saiti a kai, daga nesa ba wanda zai bambanta ta da ta gaske. Ka fito da asuba ka nufi tafkinka a bakin fadama da abu a rataye, soja ko askari ya hango ka, kana ganin zai tsaya tambayar lamba? In kuma labari ya kai daji cewa gidan wane akwai bindiga, ka san abin da zai biyo baya. Rayuwarka ta fi 'yan tsaki goma. Ga kuma yara a gida: harsashin nan yana fasa ido, yana iya kisa, in ya kuskure yana tafiya fiye da mita 200, kuma yana tsalle in ya daki ruwa ko siminti. Mai tankin tamfol ma harbi ɗaya ya ishe shi asara.

Abu na gaba da ya fi damuna shi ne dalma, domin da ita ake yin akasarin harsashin. Mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega, Dareta da Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu sanadin dalmar da ke cikin duwatsun zinari da ake niƙawa a gidaje. Ban ce harsashi kaɗan zai yi irin wannan ɓarna ba, amma ku lura da halin kaza: tana tsintar tsakuwa ta haɗiye don ƙundunta ya niƙa abinci. Harsashin da ya faɗi a tsakar akurki, a wurinta tsakuwa ce. Ƙundu ya niƙa shi, gubar ta shiga jini, wani ɓangare ya sauka cikin ƙwai, ƙwan nan kuma 'ya'yanka ne za su ci ko ka kai kasuwar Talata. Agwagwa ma haka take yi a bakin ruwa.

Wani zai ce, to in na bar su ai za su ƙarar da ni. Gaskiya ne asarar na da ciwo, amma bindiga ba ta tsaron gona sai kana tsaye. Shirwa na sauka ne lokacin da ka tafi kasuwa, gafiya da tunku aikin dare suke yi. Yankinmu kuma ga ruwan madatsar Bakolori, ga shinkafa ko'ina, tsuntsu da ɓera ba za su ƙare ba. Ka harbe ɗaya yau, gobe ɗan'uwansa ya gaje shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, saboda haka tsagar za ka toshe.

'Yan tsaki, a killace su a akurki mai rufi na sati 4 zuwa 6 na farko, a yi amfani da waya mai ƙananan idanu kamar rabin inci, a binne gindinta a ƙasa don masu tono. Abinci a zuba a duro mai murfi, a ɗauke mazubai da dare, a share wanda ya zube, a sare ciyawar da ke kewaye. A ɗana tarko a bakin ramin gafiya, inda kaji ba sa zuwa. Maganin ɓera kuwa a yi hattara, kaza na cin sa, kare da kyanwa na cin mushen. Tafkin kifi a shimfiɗa raga a samansa, ko tsohuwar komar masunta ta wadatar, a ɗaga ta sama da ruwa yadda bakin zalɓe ba zai kai ba, a kewaye gefe da raga ko kwano don guza da kwaɗi. 'Ya'yan kifi su ne suka fi buƙatar wannan.

Ka je ka tambayi kuɗin bindigar kirki da gwangwanin harsashi, sannan ka tambayi kuɗin waya da raga, ka auna da kanka. Raga tana aiki dare da rana, ba ta neman lasisi, ba kuma wanda zai tare ka a hanya saboda ita. Mai jari ƙarami, ka sa kuɗinka a nan tukuna.

Wanda ke da wata dabarar da ta yi masa maganin shirwa ko guza, ya taimaka ya faɗa mana, wasu su ƙaru. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara.