Tsare masu taɓin hankali: Abin da Nijar za ta koya daga dokar Najeriya

A ƙauyukan Buza, Keita da Madawa cikin jihar Tawa, idan matashi ya samu taɓin hankali har ya fara duka, dangi ne ke yanke hukunci: a kai shi wajen malami ko mai maganin gargajiya, in abin ya gagara a kulle shi a ɗaki ko a sa masa mari. Sau da yawa rashin mafita ne ke jawo hakan, domin sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa da aka fi sani a Nijar, wato Pavillon E na babban asibitin Yamai, yana da nisan kimanin kilomita 500 daga Madawa.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma yarjejeniyar ta hana tsare mutum saboda lalurarsa kawai. Tambayar ita ce, wa ke da ikon tsare mara lafiya ba da yardarsa ba, har tsawon wane lokaci, kuma wa zai sa ido?

Maƙwabciya Najeriya ta taɓa wannan batu. A Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. A Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Dokar ta haramta ɗauri da sarƙa, sai dai ƙungiyar Human Rights Watch ta yi ƙorafin cewa ta bar ƙofar yi wa mutum magani bisa tilas. A Faransa kuwa, tun 2011 wajibi ne alƙali ya duba irin wannan tsarewa a asibiti.

Amma rufe gidajen mari bai wadatar ba idan iyali ba su da inda za su nufa. Duk gyaran dokar da Nijar za ta yi, sai ya ƙayyade wa'adin tsarewa, ya ba mara lafiya damar kai ƙara, sannan ya tanadi magani da ƙwararrun ma'aikata a asibitocin gundumomi. In ba haka ba, 'yan cirani za su ci gaba da aiko kuɗin magani, ɗan'uwansu kuwa na nan ɗaure a ƙuryar gida.