Shafukanmu na intanet: har yaushe za a ci gaba da aron fuskar wasu?

Duk wanda ya buɗe shafin intanet na wani ƙaramin gidan abinci a Maraɗi ko Damagaram, sau da yawa abin da zai fara gani shi ne alamar hambaga da wuƙa da cokali mai yatsu, alhali dambu da kilishi da fura ake sayarwa a wurin. Shafin ɗakin shan magani a Yamai kuwa, likita Bature ne yana murmushi, wani lokaci ma da tambarin kamfanin da ya mallaki hoton kwance a kan fuskarsa.

Yadda ake aikin sananne ne. Mai shago ya ba matashi ƴan jikkuna ya haɗa masa shafi ko takardar talla, shi kuma ya shiga Google, ya sauke hoton da ya fara burge shi, ya manna. Amma Google ba shi ne mai hotunan ba, nuna su kawai yake yi. Kowane hoto da kowace alama akwai wanda ya zana, kuma doka na kare haƙƙinsa. A nan gida ma akwai hukumar BNDA mai kula da haƙƙin mallakar fasaha. Ana iya cewa ba mai bin sawun wani shago a Tawa. To, amma ƴan uwanmu da ke Faransa ko Beljiyam suna karɓar irin wannan aiki, kuma a can takardar neman diyya daga kamfanin hotuna ba baƙon abu ba ce. Matashin da ke fatan samun kwangila daga waje, in ya saba da ɗauka ba tambaya, ranar da abin ya fashe sunansa ne zai ɓaci.

Abin takaicin shi ne babu ma dalilin yin satar. Alamomin Material na Google kyauta ne, haka kashin kyauta na Font Awesome, wanda aka fara a 2012. Flaticon da Noun Project suna bayarwa ba kuɗi, da sharaɗin a rubuta sunan mai zanen. Lasisin Creative Commons ma a fili yake: CC0 a yi yadda ake so, BY a ambaci mai shi, NC kuma ba a yin kasuwanci da shi. Karanta wannan ba ya cin minti 2. Kuma alamar da aka sauke a tsarin SVG ba ta dusashewa in an ƙara mata girma, ga ta ba nauyi, abin da mai sayen megas na dala ashirin zai yaba.

Sai dai ko an bi ƙa'ida, matsala ta biyu tana nan. Waɗannan rumbuna cike suke da rayuwar wasu. Da wuya a sami ƙwaryar fura ko rumbun hatsi ko ɗan kabu-kabu a cikinsu yadda muka san su. A 2018 wani ɗalibi ɗan Kodebuwa, O'Plérou Grebet, ya gaji da wannan, ya ɗauki alkawarin zana alama ɗaya kowace rana har shekara ta ƙare. Ya kira aikin Zouzoukwa, ya zana abinci da tufafi da yanayin fuska irin na mutanen Afirka, duniya kuma ta san shi da shi.

Nijar ba ta rasa abin zanawa ba. Ga hasumiyar masallacin Agadas, garin da UNESCO ta saka cikin kayan tarihin duniya a 2013, ga zanen bangon gidajen unguwar Birni a Damagaram, ga tukwanen Mirya da raƙuman dawa na Kure. Manhajar Inkscape kyauta ce, kuma tana aiki a tsohuwar kwamfuta. Masu ba da aikin ma da laifinsu: wanda ke son shafi da kuɗin shayi ba zai sa a zauna a zana masa komai ba.

Akwai kuma maganar haruffa. Ana zaɓen salon rubutu mai ƙyalli, sai a tarar ba shi da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, kalmar "ƙofa" ta fito da ɗan akwati a gabanta. Noto Sans da Andika suna da su duka, kuma ba a biyan ko dala kafin a sauke su.