Inshorar lafiya da tallafin taki: me ke raba sabon manomi da gonarsa?

Idan kai matashi ne da ya fara noma a Musawa, Malumfashi ko Funtua, ka san gona kaɗai ba ta riƙe gida a shekarun farko. Shi ya sa ake haɗawa da acaɓa, ƙwadago ko cin rani. Tsadar taki na cikin dalilan, amma kuɗin asibiti ma babban dalili ne.

A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin neman lafiya daga aljihun jama'a yake fita. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ya fi tsananta daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gona kuma ke buƙatar hannu. Da zarar yaro ya kwanta ana ƙara masa jini, sai a sayar da akuya ko buhun takin da ba a zuba ba, ko maigida ya bar gona cikin ciyawa ya tafi neman kuɗi.

Tallafin noma bai magance wannan ba. Shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya fara a 2015, a lokacin da yake gudana, bashi ne da ake biya bayan girbi. Takin rangwame na rage wahalar noma, amma ba ya biyan kuɗin tiyata ko haihuwa. Ma'aikacin gwamnati kuwa daga albashinsa ake cire kuɗin inshora, shi ya sa malamin makarantar da ke noma ba ya sakin aikinsa. Ko a Amurka, manoma da dama na riƙe da wani aiki saboda inshorar iyali.

Amma inshora ba ta ma'aikata kaɗai ba ce. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa. A Katsina, hukumar KTSCHMA na yi wa marasa albashi rajista. Akwai kuma asusun BHCPF da ke ɗaukar nauyin masu rauni, kamar masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Saboda haka, idan kaka ta yi ka sayar da masara ko auduga, ware kuɗin rajista kafin ka tafi cin rani. Je asibitin matakin farko mafi kusa, ka tambayi cututtukan da shirin ke ɗauka da inda iyalinka za su je idan ba ka gari. Rashin lafiya ba ya jiran girbi.