Agada daban, ayaba daban, don Allah ku bar mu mu ci abincinmu

Tun daren jiya abin nan ke cina, gara in faɗa in huta.

Na ɗora tukunya a hostel, faten agada irin wanda Inna ke yi mana a gida, can unguwar Magajiya a Suleja. Ɗanyar agada, manja, albasa, attarugu, busasshen kifi. A bar ta ta nuna luguf, a sa muciya a farfasa ta har ta haɗe jikinta, a watsa alayyahu a sauke. Sai wata 'yar ɗakinmu ta leƙo, ta yatsina fuska, wai ita ba ta taɓa ganin Bahaushiya tana dafa ayaba ba. Wata ta ɗora da cewa ai dama 'yan Suleja Hausarsu ta aro ce. Aka kwashe da dariya.

To 'yar uwa, gyara zama. Ayaba ɓarewa ake yi a ci. Agada kuwa sai ta ga wuta: a soya, a gasa, ko a yi fate da ita. Ki je kasuwar kayan marmari ta Zuba ki kira agada ayaba, ki ga kallon da masu kaya za su yi miki, kuma yawancinsu Hausawa ne.

Na sani, kalmar daga Yarbanci ta zo, ogede. Sai me? Albasa da alkama daga Larabci suka shigo, tumatir daga Turanci, teba daga eba. Ban ga wadda ta yi yajin cinsu ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, masu yi mana gorin Hausa su ne za ka ji a wurin mai abinci suna cewa "a ba ni suwalo". Tuwo suwalo, sakwara suwalo, teba suwalo, amala suwalo! Haba jama'a. Hausa fa ta ba kowanne aikinsa. Tuwo talgawa ake a tuƙa. Sakwara kirɓawa ake a turmi. Fura da kunu damawa. Fate kuwa shi da miyarsa tukunya ɗaya suke, shi ya sa muke da faten doya, faten wake, faten tsaki. Wadda ta haɗe duk wannan a kalmar Turanci guda ɗaya ce za ta auna min Hausa?

A Gana, Asante na da eto, agada ce dafaffiya a murƙushe da manja, a ci da ƙwai da gyaɗa. A Jihar Ribas akwai onunu, doya da nunanniyar agada a kirɓe tare. Kuma mutanen Gana ɗin nan har gobe suna cewa tuwo zafi, koko, ƙosai, da wake ga shinkafa da wake. Sun ari namu ba su ji kunya ba.

Batun Suleja kuma, a ɗan riƙa karatu. Sarakunan Hausa na Zazzau da suka baro Zariya lokacin jihadi su suka kafa garin, Abu Ja a 1828. Sunanmu Abuja aka ɗauka aka ba babban birni bayan 1976. Sarkinmu har yau Sarkin Zazzau ake ce masa.

Ranar Asabar zan sake ɗorawa. Mai so ta zo da cokalinta, ta taho da kifi kuma, don kuɗin makarantata ya yi ƙasa.